Ranar da Na Hana Gwaggo Shiga

Shekarun baya, lokacin ina jin kaina a harkar kwamfuta, abokina mai wata ƙaramar makaranta a unguwar Gumbihini ya ce in sa wa shafinsu na intanet ƙofar shiga. Kafin nan kowa na iya buɗewa ya ga sakamakon ɗan kowa. Na zage na yi aikin. Malami ajinsa kawai zai gani, uba ko uwa kuwa ɗansu kawai, kowa da lambar sirrinsa. Na gama ina hura hanci, har abokina ya fara kirana injiniya, ni ma ban musa ba.

Ana nan, rannan wata dattijuwa mai sayar da koko ta same ni a ofishin makarantar, da wayarta a ƙulle a bakin mayafi. Ta ce 'yar ƙaninta ke aji na ƙarshe, tana son a buɗe mata ita ma.

Na duba, na ce, "Mma, sunan babanta ke nan. Shi aka ba lamba."

Da irin Hausarta ta ce, "Ɗana, baban shi na Kumasi, mota ya ke ja. Yarinyan nan ni ne na riƙe tun bai yi haƙori ba."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Mma, tsarin bai san gwaggo ba. Sai uba ko uwa."

Ta dube ni, ta mai da wayar ta ƙulle, ta ce to, Allah ya yi albarka.

Abin kunyar, ni ɗin nan a ɗakin gwaggona na girma. A garin nan gida nawa ne babu ɗan riƙo? Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na tsara iyali irin na littafi.

Da aka yi dogon hutu, wata makarantar kwana ta ba yarinyar gurbin karatu kyauta, da sharaɗin a amsa cikin mako guda. Saƙon ya tafi shafin uban, shi kuwa bai taɓa buɗewa ba. Malamai suka ɗauka saƙo ya isa gida. Kafin a farga an ba wata.

Na je har gidan dattijuwar a unguwar Nyanshegu ba da haƙuri. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta ba ni kujera, ta ce, "Ba rabon yarinyan ba ne. Kai ma aikinka ka yi."

Yarinyar ɗinki ta koya daga baya, kuma tana rufa wa kanta asiri. Ni dai tun daga nan ba na fara irin wannan aiki sai na tambaya, wane ne yaron ke kwana a ɗakinsa? Ranar da na dawo daga gidan na ƙara gurbin mai riƙo a shafin. Ko minti ashirin bai ɗauke ni ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau.