Saƙon Mutane a Bakin Tekun Italiya

Shekarun baya, shekarar da guguwa ta kwashe rufin gidaje a gabashin garinmu Greensboro ta Amurka, kafin cutar nan da ta kulle kowa a ɗaka, aka yi wa maigidana aiki a zuciya. Da ya fara miƙewa, likita ya ce abin da ya rage masa hutu ne. Alhaji kuwa bai san hutu ba. Falonmu na titin Gate City kullum a cike: wannan a sasanta shi da matarsa, wancan a raka shi kotu.

Autata, mai aikin nas, ta ce sai ta fitar da shi daga garin gaba ɗaya. Ta tara hutunta na shekara, ta ce Italiya za mu, mu uku, mako uku. Wata da watanni tana kan kwamfuta. Za mu sauka Roma mu ga tsofaffin gine-gine, mu hau jirgin ƙasa zuwa Firenze, mu leƙa garin nan da ake yawo a kwalekwale maimakon mota, sannan mu gangara kudu, wani ɗan gari a bakin teku kusa da Napoli, inda babanta zai zauna ya sha iska. Ta nemo inda ake sayar da naman halal. Ta nemo gida marar matakala da yawa saboda numfashinsa. Ni ban yi boko ba, taswira a wurina zanen tabarma ce, amma na ga yarinyar ta wahala.

Abu ɗaya ta roƙe ni. "Mama, don Allah kada ki gaya wa kowa."

Na dube ta. Ni, in haye teku ban yi sallama da mutane ba? Inda aka haife ni, ko ƙauyen gaba mutum zai je sai ya zaga ya nemi gafara. Na dai gaya wa aminiyata, da matar liman, da wata tsohuwa 'yar Nijar maƙwabciyarmu. Kafin Juma'a ta zagayo, har mai sayar mana da nama yana yi min Allah ya kiyaye hanya.

Sai saƙo ya fara shigowa. Ashe babu gidan da ba shi da ɗan'uwa a Italiya. Wata 'yar Kumasi ta kawo takalman 'ya'yan ƙaninta da ke Brescia. Wata 'yar Jos ta biyo daga coci ran Lahadi da maganin gwiwa na yayarta a Verona. Tsohuwar nan 'yar Nijar jallabiya ɗaya ta kawo, ta ɗanta mai tsinkar tumatir a gonakin kudu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ba rigar ba ce. Ki gan shi da idonki, ki faɗa min ko ya rame." Wa zai ce a'a? Na karɓe duka.

Ranar da autata ta ga akwati biyu a bayan kujera, tsayawa ta yi da mukullin mota a hannu.

"Mama, mene ne wannan?"

"Saƙo."

Na shiga faɗa mata garuruwan, tana duba waya, fuskarta tana canzawa. "Wannan can ƙarshen arewa yake. Wannan kuma gabas. Mama, in muka bi waɗannan, Baba ba zai ga teku ba sai ta tagar jirgi. Bakeshon na shirya, hutu, ba dako ba! In mun isa Roma mu aika ta gidan waya."

"Saƙo hannu da hannu ake ba da shi. Amana ce."

"To ki mayar musu."

"Da wane ido zan dube su a masallaci?"

Mako guda ba ta kira ni ba. Alhaji ne ya raba gardamar. Ya ce a soke garuruwan arewa, daga Roma mu wuce bakin teku, duk mai saƙo ya zo can ya karɓi abinsa. Autata ta ji daɗi, don a ganinta kwanakin hutun babanta sun ƙaru. Ta soke otal-otal, ta tsawaita hayar gidan. Ni ma na ce madalla.

Abin da dukanmu ba mu tuna ba shi ne, mutumin da ya wuni a jirgin ƙasa don ya zo wurinka, ba a miƙa masa leda a bakin ƙofa. Na Brescia da matarsa da yara ya zo, su gwada takalman. Suka kwana. Ta Verona ta zo da ƙawarta. Daga nan labari ya bazu cewa akwai wani dattijo daga Amurka a gari kaza, sai ga waɗanda ba su da saƙo ma, gaisuwa kawai. Tukunyar gidan 'yar mitsitsiya, sau uku nake tuƙa tuwo kafin ya zaga. Mai gidan, wata tsohuwar Baturiya, takan leƙo daga bene ta ga takalma jibge a ƙofa, ta ɗaga hannu sama tana surutu. Autata ta koma kwana a baranda. Alhaji kuwa ya baje a falo, ya ɗinke wani aure da ya kusa mutuwa, har suna ya raɗa wa jariri.

Tekun yana nan ƙasan tudu, shuɗi shar. Daga tagar kicin na san shi, hannuna cikin kumfar wanke-wanke. Ban taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Yaron tumatir ne ya zo ƙarshe. Ya rame. Na ɗura masa abinci kwana biyu, kuma da na dawo ban ɓoye wa uwarsa ba. Na ce ya rame, amma yana salla, yana dariya.

Muka dawo, likita ya auna Alhaji ya ce jininsa ya hau fiye da lokacin da muka tafi. Shi yana ta faɗa wa mutane bai taɓa tafiya mai daɗin wannan ba. Autata ta ɗauki jakarta ta koma aiki washegari.

Har yau ban ce na yi laifi ba. An ba ni amana na isar, ko maɓalli bai ɓata ba. Amma in na tuna tafiyar nan, gajiya nake ji tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Na kuma gane cewa irinmu ba ma zuwa hutu, wurin zama kawai muke canzawa.

Alhaji ya riga mu gidan gaskiya. Tsohuwa 'yar Nijar ta bi shi, aminiyata ma haka. Matar liman ta koma gida. Saura ni, da yaron tumatir, wanda yanzu direban babbar mota ne, duk Salla sai ya kira ni yana ce min Inna. Sai autata. Tana zuwa duk Asabar, ta jera min magani, ta gyara min gado. Ba ta sake ce min mu je ko'ina ba.