Ƙasar Sawun Umma

Ranar Alhamis ce, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika takwas, iyayena suka bar ni suka tafi kallon biranen Turai. A lokacin jirgin ƙasa bai fi shekara goma sha 'yan kai da isowa Kano ba, tsofaffi ma ba su daina toshe kunne in ya yi kuka ba. Tun da hantsi aka jera akwatuna a zauren gidanmu na unguwar Alfindiki. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Hanna kamar yadda mutanen Tarabulus ke kiran kaka, ta fito da buta ta yayyafa ruwa a kan farin rairayin da ke shimfiɗe a bakin ƙofa. Ta sa Baba ya cire takalmi ya taka da ƙafar dama, Umma ma ta taka. Sannan ta durƙusa da ƙyar ta kwashe rairayin kowane sawu, na Baba ta ƙulle a farin ƙyalle, na Umma a shuɗi. "Muddin ƙasar nan tana rataye a gida, ƙafar da ta taka ta za ta dawo," in ji ta. Ni ina tsaye a jiƙaƙƙen wurin ba takalmi, na cika na yi fam. Umma ta sunkuya a gabana tana gyara takalminta, ta daɗe tana gyarawa, haushi kuma ya hana ni ko kallonta.

Kakannin Baba a kan raƙuma suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus, amma a zamaninsa ayari ya mutu. Duk mai son ganin dangi a Tarabulus sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya ratso ƙasashen Turawa, sannan ya sake ƙetare wani tekun. Sauran fatake sukan yi wannan zagaye kai a sunkuye, burinsu kawai su isa. Ban da Baba. Fataucin kirgi yake yi, amma Allah ya yi shi da son kallo, ko rijiya ake haƙa a unguwa sai ya tsaya ya ga ƙarshenta. Ya ce shi kowane tsohon birni sai ya sauka ya gani da idonsa, kuma da matarsa zai tafi. Maganar ta zaga gari. Hanna ta yi kwana uku tana mita: "Tafiya ba Makka ba, ba fatauci ba, sai kallon ginin mutane." Umma kuwa Bahaushiya ce 'yar Dukawuya, ko Ƙofar Nassarawa ba ta taɓa fita ba. A gaban mutane sai ta nuna umarnin miji kawai take bi, amma ni na sha kama ta tana murmushi ita kaɗai in tana ɗinkin kayan tafiya. Wannan murmushin ne na riƙe ta da shi.

Aka mayar da tabarmata ɗakin Hanna. Ƙullin nan biyu suna rataye a maratayi saman ƙofa, in na buɗe ido da safe su nake fara gani. Hanna ba ta barin yaro ya zauna hannu sake. In na dawo daga makarantar allo sai shara, sai tankaɗen garin alkama, sai murza taliya a shanya a kan tabarma, sai dauraye 'yan kofunan shayinta waɗanda ta fi ji da su a kan kowa a gidan. Duk ina yi, amma idona na kan shuɗin ƙyallen. A tunanina na yara, siffar ƙafar Umma tana nan a ciki da yatsunta biyar, in na kwance zan gani.

Wata rana da la'asar sakaliya, damina ta fara kama, Hanna tana lazimi a inuwa. Na jawo turmi na kife, na hau na ciro ƙullin, na zagaya bayan ɗakin girki na kwance shi a kan dutsen wanki. Rairayi ne kawai, bai fi cikin tafi ba. Ina tsugune ina jujjuya shi da yatsa sai iska ta taso, Hanna ta ƙwala mini kira in zo in kwashe taliya. Na tashi a guje na bar ƙyallen a buɗe. Kafin mu gama shigar da tabarmi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na koma, na tarar da ƙyallen ya maƙale a bakin wuriya, ramin da ruwan gida ke bi ya fita lungu, an wanke shi tas. Ruwa ya tafi da sawun Umma, ita kuma a daidai lokacin tana kan ruwa.

Mutum ɗaya na gaya wa, ƙawata Falmata, 'yar gidan Barebarin da muke katanga ɗaya da su. Ita ba ta da tsoro, kuma komai tana da dabararsa. Ta ce ai ƙasa duk ƙasa ce, Hanna kuma idonta ya yi rauni. Muka shanya ƙyallen a ɓoye, muka ɗebo jar ƙasar da muke tuwon ƙasa da ita a gindin garken awaki, muka ƙulle, na mayar inda yake. Hanna ba ta lura ba. Kowace Juma'a takan ɗaga kai ta dubi ƙullin nan biyu ta yi musu addu'a, ni kuwa in ji kamar in nutse.

Bayan wata biyu katuna masu hoto suka fara zuwa daga Baba. Baffa Sanusi, yayan Baba, shi yake karɓo su daga gidan waya, ya zauna a kan buzu a tsakar gida ya karanta Larabcin da ke bayansu ya mayar mana da Hausa, matan maƙwabta suna leƙe ta bayan asabari. Na farko daga Landan ne, hoton wata gada da ƙaton agogo. Baba ya ce hayaƙi ya rufe garin, mutane suna sauri kamar an biyo su. Na biyu daga Faris, wata hasumiyar ƙarfe da ya ce sun hau har suka ga mutane a ƙasa kamar kiyashi. Hanna ta tambaya ko wa ke kiran salla a kanta, da aka ce babu sai ta ce, "To, aikin banza ke nan." Na uku daga Rum, wani zagayayyen gini mai ƙofofi birjik, rabinsa ya zube. Ta kawo shi daf da idonta ta duba, ta ce, "Duk kangayen da ke birnin nan ba su ishe shi ba, sai ya biya jirgi ya je ganin na wasu." Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Ni ƙarshen katin nake jira. Namiji a lokacin ba ya ambaton matarsa a takardar da uwarsa da yayansa za su ji, don haka duk labarin Umma kalma uku ne a can ƙasa: "Iyali suna gaisuwa." Da na ji su sai numfashina ya dawo, in samu kwana biyu ina cin abinci.

Sai kati na huɗu ya zo daga wani gari da Baffa ya kira Bunduƙiyya, wanda ma ba a kan hanyarsu yake ba, labarinsa kawai Baba ya ji ya karkata. Katin ya zo hannuna na duba hoton. Gidaje ne tsaye a cikin ruwa, ruwa har bakin ƙofa, babu lungu, babu ko taki ɗaya na ƙasa da mutum zai sa ƙafa. Baba ya cika bayan katin da bayanin kwale-kwale da gadoji da tantabaru, rubutu har gefe. Baffa ya karanta ya kai ƙarshe, babu kalmomin nan uku. Na daure na ce, "Baffa, bai ce iyali suna gaisuwa ba?" Ya juya katin ya sake dubawa, ya ce, "Wuri ne ya ƙare masa, Zulai." Daga wannan katin kuma ba a sake samun wani ba.

Ban san yadda zan kwatanta watannin da suka biyo baya ba, sai dai in ce zama ya gagare ni. A makaranta in riƙe allo ina kallon ƙofa. In muna 'yar carafke da Falmata duwatsun su zube, ni da ba a cinye ni. Na bi hanyar ruwan wuriya lungu-lungu har kududdufi ina duba ko zan ga farin rairayi a gefe. Na shiga ɗakin Umma na rarrafa a kan daɓe ina neman wani sawun da ta bari, alhali da hannuna na share ɗakin washegarin tafiyarsu. Ni da ake fama da ni kafin in je aike, na koma mai roƙon a aike ni kai zare marinar Ƙofar Mata, don daga can nakan lallaɓa in hau ganuwa in tsaya ina hangen tashar jirgi har sai Falmata ta ja ni. Na rame, idona ya faɗa. Hanna ta ce tsutsar ciki ce, ta yi ta ɗura mini jiƙe-jiƙe masu ɗaci, ta karɓo mini rubutu. Sau da yawa nakan buɗe baki zan faɗa mata, sai in ga in na faɗa abin ya tabbata ke nan. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma na yi imani ni na kashe uwata.

Bayan kaka, ana cikin hada-hadar gyaɗa, aka bugo wayar tangarahu daga Ikko: "Muna tafe." Ko wannan bai kwantar mini da hankali ba, don Baba ko shi kaɗai ne yakan ce "mu". Ranar da za su iso na kasa cin komai, na tsaya a zaure tun safe. Wajen azahar na ji muryarsa daga bakin lungu, tun kafin ya iso ya fara ba mutane labari. Ya tsaya a ƙofa. Na leƙa ta ƙarƙashin hannun rigarsa, sai ga Umma a bayansa, ta rame, ta lulluɓa da wani mayafin ulu mai kauri. Na tsaya ina kallonta.

Hanna ta hana su shiga, don al'adar ba ta cika sai an zube wa matafiyi ƙasarsa ya sake takawa. Ta kwance farin ƙyallen, farin rairayi ya zubo, Baba ya taka ya shige. Ta kwance shuɗin, sai ga jar ƙasa da ɓuntun dawa, har da kashin akuya guda biyu. Ta ɗaga tafinta kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo gare ni. A nan na fashe da kuka na zayyane komai, turmi da taliya da ruwa da wuriya, a gaban 'yan dako da maƙwabta. Umma tana tsaye a waje tana saurare. Da na gama sai ta sa hannu a lalitarta ta ciro wani ɗan ƙulli da ya yi dauɗa don yawan taɓawa, ta kwance. Farin rairayin zaurenmu ne. Ta ce, "Naki ne. Ranar da za mu tafi na ɗebe shi a gindin ƙafarki." Hanna ta girgiza kai ta ce, "Ke 'yar nan, ai ba haka ake yi ba. Na mai tafiya ake ɗiba, ba na mai zama ba." Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Hanna. Ni dai shi na riƙe a cikin jirgi." Hanna ta sake duban farin rairayin. Can sai ta karɓi ƙullin ta zube shi a bakin ƙofa, ta watsar da ƙasar awakin can gefe, ta ce, "Taka ki shigo." Umma ta cire takalmi ta ɗora ƙafar dama a kan ƙasar sawuna, ta shigo gida.

Baba ya shekara yana ba da labarin gine-gine, har abokansa suka fara canza hanya in sun hango shi. Umma kuwa a hankali take fitar da nata, in muna tsinke zogale ko tana yi mini kitso. Ta ji daɗin tafiyar, ba ta ɓoye ba. Abin da ya fi burge ta shi ne ruwan da ke bulbulowa daga bakin gumaka a Rum dare da rana ba mai jan guga. A Bunduƙiyya kuwa amai ta yi ta yi a cikin kwale-kwale, Baba yana ta nuna mata gadoji.

Katunan huɗu suna nan a adakata, sun koɗe, ban kuma taɓa ganin ko ɗaya daga garuruwan ba. Yanzu jikokina sukan tashi Landan da safe su ci tuwon dare a Kano, in za su tafi ma a tsaye suke yi mini sallama, mota tana jira. Bara da ƙaramarsu za ta tafi karatu na ɗauki buta na bi ta har zaure, sai da na yayyafa ruwan sannan na tuna an daɗe da shafe wurin da siminti. Ta taka ta wuce tana dariya, na tsaya ina kallon jiƙaƙƙen sawunta har ya bushe. Ban sami abin ƙullewa ba.