Motar Ranar Talata

Ba don a gan ni na sayi motar nan ba, ko da yake duk kasuwar kifi ta Kado haka suka ɗauka. Saboda ciwon bayan Inna na saye ta.

Inna tana zaune a ƙauyen Paikon Kore, can bayan Gwagwalada, gidan ƙanena manomi. Shekarun da ta yi tana sunkuyo a gona da ɗaukar itace sun taru sun sauka a ƙugunta. Likitan da ya duba ta a cikin gari ya ce sai an riƙa kawo ta gashin ƙashi duk Talata ba fashi, in ba haka ba ƙafar hagu za ta daina ɗaukarta. Wata biyu muna zuwa a motar haya, mutum huɗu a baya. Duk ramin da direba ya faɗa sai in ji ta ja iska ta tsakanin haƙora. Inna ba ta kuka a gaban mutane. Gwiwata take riƙewa, in mun sauka sai in ji wurin yana zafi kamar an matse da filaya. Abin da aka gyara a asibiti da safe, hanya ta ɓata shi kafin la'asar.

Akwai wani Alhaji da nake kai wa gidansa kifi, tsohon darakta ne a wata ma'aikata, ya yi ritaya. Wata rana ya rage mini hanya a motarsa, baƙa, doguwa, ƙirar Jamus, ta doshi shekara ashirin. Na zauna a baya da bahona a cinya. Sai da muka wuce tudun nan na rage gudu har guda uku sannan na waiga na gan su a bayanmu. Jikina bai san mun hau komai ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka sayar mini da ita."

Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. "Hajiya, sayenta ne mai sauƙi. Riƙonta ne aiki. Ni da fanshona ta gagare ni."

"Ni ba fansho nake ci ba. Kifi nake sayarwa, kuma ba ranar da ba a cin kifi a garin nan."

Sati uku ina zarya a gidansa kafin ya miƙo makulli. Tuƙi kuwa a filin ƙwallon unguwarmu a Durumi na koye shi, kamar yadda na koyi karatu bayan na haura arba'in, a benci ɗaya da masu goyo: da naci da faɗa.

Ranar da na fara shiga da ita Kado, ban gama fakin ba aka fara.

"A buɗe wa minista get!"

"Hajiya, tarwaɗar ma yanzu da esi za ta riƙa tafiya?"

Na ce da mai maganar ita da mijinta su zo in ɗana su, in dai za su yi wanka tukuna.

Talatar farko Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar, ƙanena yana riƙe da hannunta.

"Ta wace ce wannan?"

"Taki ce, Inna."

"Ke dai tun kina ƙarama ba kya jin magana."

Ta shiga. Kafin mu kai Giri ta yi barci, bakinta a buɗe, hannunta a kan cinyarta, ba ta riƙe komai ba. Na riƙa leƙenta ta madubi har na kusa hawa bayan wata tirela.

To amma ni ba a haife ni in ga abu a zaune ba. Mota mai shan fetur kamar rijiya ta kwana shida tana jiran Talata? But ɗinta, wurin zuba kaya na baya, ya isa mutum biyu su kwanta. Kula biyu da baho ɗaya suna shiga a rufe lafiya lau. Na shimfiɗa leda da buhu, na fara kai wa gidaje da masu abinci kifi da kaina: ragon ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa mai rai, da na ƙanƙara. Masu gadin da a da suke tsayar da ni a rana suna tambayar wa nake nema, yanzu tun daga nesa suke ture ƙofa suna sara mini. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin wannan.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, wato Inna ta shiga ta ji ƙarni. Duk Litinin da yamma sai in fito da komai daga but, in zuba garin sabulu, in dirje da burushi, in sheƙa ruwa bokiti uku, in goge da tsumma, in fesa turare. Haka nake wanke teburina a kasuwa shekara ashirin, ba wanda ya taɓa cewa ya ga ƙuda a kaina.

Wata huɗu muka yi lafiya. Sannan ta fara.

Gilashin baya ya sauka da kansa ina tsakiyar titin filin jirgi. Wani satin ta kulle ƙofofinta makulli yana ciki. Wani satin na fito da safe na tarar bayanta ya durƙusa kamar raƙumi, sai da injin ya yi minti goma yana aiki sannan ta miƙe. Rubutu ja ya riƙa fitowa a gaban sitiyari. Nakan tsaya in bi shi da yatsa in haɗa, kullum maganar ɗaya ce, a kai ta gareji.

Kuma duk wannan iskanci ranar Talata take yinsa. Laraba ta ɗan yi. In na kai ta wurin bakanike ranar Alhamis ko Juma'a sai ta yi lumui, kamar mai ciwon haƙori da ya ga likita.

Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce famfon mai ne, ya canza. Na ukun ya riƙe ta kwana biyu ya dawo mini da ita yana murmushi, ya ce jan rubutun ya tafi. Ya tafi kuwa. Sai da rana ta haska na ga baƙin salatif ya liƙa a kai. Na ɓare shi, na koma na manna masa a goshi a gaban mutanensa. Duk su ukun na zage su, na ce ɓarayi ne, sun ga mace sun ga banza.

A kasuwa aka ce baki ne. Wata ta ce in yi sadaka da farar kaza. Wata ta ce motocin manya da mutanen ɓoyensu suke zuwa, kuma ba sa son Talata. Na yi tsaki, amma sai da na ba da sadakar.

Na daina zama wuri ɗaya. Ina yanka kifi kunnena yana wajen fakin. Ina sallah ina tuna ko na ji wani ƙara jiya a taya. In na tayar da ita ta tashi, sai in kashe in sake tayarwa don in tabbatar, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Madam, lafiya dai?" Rediyo ma na daina kunnawa don kada ya rufe mini wani sauti.

Wata Talata a cikin watan zafi muka ɗauko Inna. Mun wuce Gwagwalada kaɗan sai duk fitilun gaban sitiyari suka kama lokaci ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, sannan suka mutu gaba ɗaya. Injin ya ɗauke. Da ƙyar na murza ta zuwa gefen titi. Gilasai a rufe sun ƙi sauka, bayanta ya zauna a ƙasa. Na buɗe ƙofofi huɗu, Inna tana ta zufa. Awa ɗaya muna nan. Daga ƙarshe na tare wata tasi da ta riga ta cika, aka matsa mata. Direban irin masu gudun nan ne da ba sa ganin rami. Ko da muka isa asibiti layinmu ya wuce, mai gashin ta tashi. A tasi muka koma. Da aka sauke ta sai da ƙanena ya ɗauke ta cak ya shigar da ita ɗaki.

Ta ce, "Kada ki sake sa ni a motar haya. In ƙafar za ta tafi, ta tafi."

"Inna, shata zan ɗauka, ke kaɗai, da matasai."

"Na ce miki a'a."

Ni na san inda na gado taurin kai.

Janwe ya ja motar zuwa Apo, wurin wani dattijon bakanike mutumin Filato da aka ce motocin Jamus kawai yake taɓawa. Na je da faɗana a baki, na shirya shi tun daga gida. Bai ba ni dama ba. Bai ko buɗe bonet ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya a baya, ya shaƙi iska.

"Madam, me kina ɗauka a wannan mota?"

"Kayana. Ina ruwanka? Injin yana gaba."

"Buɗe but."

Na buɗe. Fes, sai ƙamshin turare. Na kalle shi ina jira ya ji kunya. Ya durƙusa ya ɗaga kafet, ya ɗaga wani faifai da ban taɓa sanin yana ɗaguwa ba. Ƙarnin da ya taso sai da ya mayar da ni baya. Safayar taya tana zaune cikin ruwa baƙi, ɓawon kifi yana yawo a kai. Ya ɓalle murfin gefe. Ga batir, ga wasu akwatuna da wayoyi cunkus, duk sun yi kore kamar tsohon kwabo.

"Kin gani? Wannan shi ne ƙwaƙwalwan mota. Bature ya sa shi a baya domin nan ne ruwa ba ya zuwa. Wane ne yana wanke nan?"

"Ni."

"Da tsumma?"

"Da bokiti."

"Bokiti nawa?"

"Uku. Duk Litinin."

Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai. "Kuma ranar Talata ne yana yin hauka, ko ba haka ba?"

Na sake leƙa baƙin ruwan da ke cikin but ɗin.

Ya ce, "Mota ba shi da laifi, Madam. Ya yi haƙuri ma. Ni in an zuba mini ruwan kifi a kai duk sati, ba zan kai wata huɗu ba."

Sabon akwatin babu shi a ƙasar nan. Sai dai na Beljiyam, wanda aka ciro daga wata irinta da ta yi hatsari, kuma daga Legas za a aiko. Ya ce kwana huɗu. Kwana huɗu suka zama goma sha shida. Talata biyu suka wuce Inna tana kwance. Kullum sai na bar wa maƙwabciyata teburi na hau mota zuwa Apo, in zauna a benci in zuba masa ido, kamar kallona zai sa Legas ta matso. Na farkon da aka aiko bai dace ba, lamba ɗaya ta bambanta, aka mayar. Na kira ƙanena da safe, na kira da azahar. Ya ce yanzu in Inna za ta kewaya sai ta ja ƙafar a ƙasa.

A cikin kwanakin nan na je na ba bakanike na farko da na biyu haƙuri. Na farkon ya ce ba komai. Na biyun ya ce in maimaita da ƙarfi mutane su ji, na maimaita. Mai salatif ban je ba, kuma ba zan je ba.

Ranar da aka ɗaura akwatin, dattijon ya riƙe makullin a hannunsa bai miƙo ba.

"Kifi ko ɗaya."

"Na ji."

"Ko busasshe. Ko a leda. Ko na miyan gidanki."

"Oga, na ce na ji."

"Ruwa kuma, in kin ga datti, ki hura da baki."

Kifina ya koma a-kori-kura, da ni a gaba kusa da direba, masu gadi suka koma tambayata wa nake nema. A kasuwa aka ce minista ta sauka daga muƙami. Na bar su.

Mai gashin ƙashi ta yi mini faɗa sosai da ta ga ƙafar. Ta ce an koma baya, sai an sake farawa kusan daga tushe, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Talata shida ƙanena yana ɗauko Inna daga ɗaki ya ajiye ta a kujerar baya. A ta bakwai na iso na tarar da ita a tsaye a bakin ƙofa da sanda, ta yafa mayafinta na zuwa gari. Ya kai hannu zai ɗauke ta.

"Sake ni. Ni buhun dawa ce?"

Ta taho. Ƙafar dama, sanda, sannan ta hagun tana biyowa a makare, amma tana ɗaguwa daga ƙasa. Kaji suna gudu a gabanta. Ya kamata in fita in tare ta, na sani. Ina zaune riƙe da sitiyari, injin yana aiki, don ban yarda in kashe shi a ƙauyen nan ba. Ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan fitilun.

Ta iso, ta dafa ƙofa, ta juya a hankali ta zauna, ta jawo ƙafar da hannu biyu.

"To, me kike jira? Mu je kada layi ya wuce mu."