Bishiyoyin da Suka Suma

Kullum da hantsi Baba Mai Awo yana cikin dajin gwaji na cibiyar bincike, tef a wuya, fensir a bayan kunne, yana rungumar bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya don ya auna kaurinsu. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Matarsa ta sha cewa ita ko rabin wannan rungumar ba ta taɓa samu ba. A watan nan zai ajiye aiki, kuma sunansa bai taɓa hawa bangon wani rahoto ba.

Shekarar da gobara ta lashe gefen gabas, bishiya ɗari biyu da sittin suka koma baƙi ƙirin. Takardar ƙidaya kuwa gida biyu gare ta, "mai rai" da "matacciya". In matattu suka rinjaya, sare filin za a yi, awon shekaru ya bi ruwa. Baba ya bi su ɗaya ɗaya yana kankare ɓawo da farce, yana tona gindi, ya tarar da yawancinsu ɗanyu ne daga ciki. Sai ya zana gida na uku da fensirinsa, ya rubuta "ta suma".

Dakta, shugabar binciken, ta ga takardar ta dafe kai.

"Baba, suma kuma? Kwamfuta ba ta san suma ba!"

"To, ranki ya daɗe, a koya mata."

"Ganye babu, reshe babu. Me ya rage?"

"Ni ma ranar da aka yi mini aikin ƙaba ko yatsa ban ɗaga ba, amma ba wanda ya aika a sayo likkafani."

Ofis ya kwashe da dariya, amma fa an riga an sa wa masu zarto rana. Ya yi ta naci a jira damina, har Dakta ta yarda don dai ya ƙyale ta ta sha iska.

Mako uku da saukar ruwa, toho ya ɓarke a gindin ɗari biyu da goma sha ɗaya. Dakta ta tsuguna, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Baba, sun farfaɗo!"

"Ai dama ruwa ake yayyafa wa wanda ya suma," in ji shi. Ya juya baya yana share ido, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Daga nan aka samu rahoton yadda daji ke tashi bayan wuta, aka raɗa wa sumar wani dogon suna na Turanci, aka gode wa "ma'aikatan fili" a layin ƙarshe. Wannan kam ya yi mana ciwo, mu abokan aikinsa.

Baba, kai ne ma'aikatan filin nan kaf. Kai ne mai farcen da ya riga na'ura gani. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tasowa, kafin ku rubuta "matacciya", ku sunkuya ku kankare ɓawon tukuna.