Tudun da Baba ya yi a kan kwalta

Ranar wata kasuwar Tasawa ce, da kaka, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Inna ta ɗora mini buhun ɗanyar gyaɗa a ka, ta miƙa wa ƙanwata Rabi tsumagiya, ta ce mu je bakin kwalta mu shanya. Haka kowa ke yi a garinmu. Tsakar gida rairayi ne, shi kuwa gefen titi yana da tauri da zafi, gyaɗa ba ta ɗaukar ƙasa. Tun daga masallaci har rijiya shanya ce jere, ta wake da ta barkono da ta kuɓewa, kowace da yaran da ke korar awaki.

Titin ya raba garin biyu. Gidaje da masallaci suna arewa, rijiya da lakwal da gonaki suna kudu, saboda haka ba mai wuni bai tsallaka ba. Mu yara mun ɗauke shi filin wasa. Mukan jera marafan kwalba a tsakiya, mu ruga mu laɓe, babbar mota ta bi ta kansu ta mayar da su faifai. Inna takan ce, "Ku ji da kunnenku, mota ba ta san ɗan kowa ba." Mukan ce to, mu koma.

Rabi ba ta kai shiga lakwal ba, amma ta fi ni tsare amana. Da hantsi wata akuya ta sa baki cikin gyaɗar, ta bi ta da tsumagiya tana cewa, "Ɓarauniya, ta gidanku ce?" Akuyar ta tsallaka, ita ma ta bi. Motar awakin ’yan kasuwa ce ta taho daga wajen Maijirgi, ba abin da zai sa ta lafa, don hanyar miƙe take kamar igiya. A amalanken jaki aka ɗauki Rabi zuwa gidan likita. Ba ta kai ba.

Direban dattijo ne, ya zauna a ƙasa yana ta kuka, yana cewa bai gan ta ba. Masu gaisuwa suka ce ƙaddara ce. Baba ya yarda. Amma bayan sadakar bakwai ya ɗauki hauya da kwando, ya ce in biyo shi. Muka yi ta jido jar ƙasa daga kududdufi, ya yi tudu a gicciye daga wannan gefe zuwa wancan, ya yayyafa ruwa ya daddaɓe. Kawuna ya ce, "Yaya, hanyar gwamnati ce fa, kama ka za a yi." Baba ya ce, "Su zo, sun san gidan."

Mutanen gwamnati sun zo kuwa. Suka sa aka kwashe ƙasar, suka ce za ta kayar da masu moto, wato babur. Ya sake zubawa, tayoyi suka cinye. Ya sake, damina ta wanke. Direbobi sukan leƙo ta taga su zage shi, ya yi kamar bai ji ba. Inna ba ta ƙara shanya a waje ba, muka riƙa cin ƙuli mai tsakuwa. Har Baba ya rasu ba a yi komai a wurin ba.

Yanzu akwai tuddai na siminti a garin, da allo mai hoton yara a gaban lakwal, sai da aka ƙara binne wasu kafin a yi su. Ni kuwa kabu-kabu nake yi a Tasawa, kuma ba zan ɓoye ba, in fasinja yana sauri nakan sauka gefe in kewaye tudun, ta daidai inda mutane ke tafiya. Kwanan baya na kusa take wata yarinya mai tallan fura. Uwarta ba ta zage ni ba. Ta kakkaɓe mata zane, ta dube ni ta ce, "Malam, kai ba ka da ƙanwa ne?"

Na kashe moto na tsaya. An gyara hanya, ni ne ban rage gudu ba.