Ranar da Aka Hau da Teku Kan Rufin Usta Washdil

Usta Washdil bai taɓa riƙe igiyar awo ba, ko da yake a wurinmu gwanin sana'a ake ce wa Usta. Shekara arba'in da ɗoriya yana sassaƙa jiragen kamun kifi a Sorgan, ƙauyenmu da ke maƙale tsakanin dutse da teku, kuma iyakar awon da ya sani shi ne ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai, ya ce a ƙara ko a rage. A wurin mahaifinsa ya koya. Jiragensa ba su da wani kyan gani, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya ci mutum ba, shi ya sa masunta ke tasowa tun daga garin Pasni su zo su haƙura da baƙar maganarsa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa biyu na hagu gizago ya daɗe da rage musu tsawo. Ƙarnin man kifin da ake shafa wa katako ya kama jikinsa har ko a masallaci ba sai ka waiga ba, ka san wa ya shigo sahu. Ba shi da yawan dokoki, amma akwai ɗaya da ko uwarsa ba zai ɗaga wa ƙafa a kanta ba: ba a hawa jirgi sai ruwa ya gwada shi. In ya gama aiki sai a tura shi teku a ɗaure, ya kwana uku ba kowa a ciki. Rana ta huɗu ya shiga da busasshen tsumma ya goge cikinsa kaf. In tsumman ya fito da danshi, a jawo jirgin waje, ko da mai shi zai yi kuka.

"Ni ba na cewa an gama," in ji shi. "Ruwa ke cewa."

Duk wannan ƙwarewa, shi da matarsa Mahganj a bukkar tabarmar kaba suka yi shekara talatin da huɗu. A nan ta haifi 'ya'ya biyar, ta aurar da mata uku, maza biyu suka tafi neman abinci birnin Maskat, can ƙetaren teku. A nan ta yi ta tsince rairayi daga shinkafa duk ranar Allah. Ba mai ƙorafi ba ce, mai zolaya ce. In baƙo ya yaba jirgin da mijinta ke ƙerawa, takan ce, "Ai kifi ma ya fi ni morar Usta."

Sai ido ya fara ba ta wahala. Babbar 'yarsu Sammi ta kai ta asibiti a Karaci, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ya ba ta maganin ɗigawa don ya ja mata lokaci, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Ranar da ta dawo, tana zuba wa mijinta shayi, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba:

"Baban Sammi, ina so in ga gidana tun ina gani."

"Wane gidan?"

"Wanda za ka gina."

Da gari ya waye aka gan shi a kan tudun da ke bayan wurin shanya taru, ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai.

Aka ba shi shawara ya kirawo magini daga Pasni, ya ce mutumin da aikinsa bai taɓa yawo a kan ruwa ba, me zai koya masa? Shi kaɗai ya haƙa harsashi. Duwatsun kuma jakin Pindok ne ya yi ta sauko da su daga dutse. Pindok tsohon direban jirgi ne, abokin Washdil tun suna tsirara a bakin ruwa, kuma tun da gwiwa ta hana shi fita teku ba shi da sana'ar da ta wuce ya zauna ya ga laifin aikin wani. Ruwan daɗi kuwa motar tanki ke kawo mana shi sau ɗaya a kwana goma, ba mai hankalin da zai kwaɓa ƙasa da shi, don haka da ruwan tsohuwar rijiya mai zartsi aka yi ginin.

Da bango ya kai ƙirji, kowa ya ga abin da ya faru sai mai shi. Hannun da ya shekara arba'in yana lanƙwasa katako bai san miƙaƙƙen layi ba. Bangon ya yi ciki ta tsakiya, ya tsuke ta gaba, ɗakin ya fito sak jirgi da aka ajiye a kan tudu.

"Usta," in ji Pindok, "ina za a ɗaura injin? In sani, in nemo maka mai."

"A bakinka za a ɗaura, shi ne ba ya mutuwa."

Ƙyauren da ɗaya daga cikin 'ya'yansu ya aiko da kuɗinsa daga Maskat, aka sayo a Pasni aka ɗauro a bayan a-kori-kura, ya ƙi shiga ƙofar ta kowace fuska. Washdil ya zagaya shi sau biyu, ya yanke hukuncin cewa ƙyauren ne a karkace. Ya sa gizago ya gyara masa zama har ya yarda.

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi da na san ya yi. Da hantsi yana bakin ruwa kan jiragen mutane, da rana ta karya ya haura tudu. Mahganj ta biyo shi da butar shayi da dabino a ƙullin mayafi, ta zauna a kan wani dutse tana ba da umarni kamar ita ta haife shi. Ita ta ce tagar ta kalli teku, kuma a sauko da ita ƙasa yadda mai zaune a tabarma zai hango jirage na dawowa. Ya ce ba a yin taga a nan, ta ce a gidanta ana yi. Yana gunaguni ya rushe jeri biyu na dutse. Wani lokaci shi yana fafare katako, ita tana jin ƙarar, har a kira magariba. Mutumin da duk abin da ya ƙera a rayuwarsa tura shi ake yi ya tafi da wani, yau ga shi yana yin abin da zai tsaya inda aka ajiye shi. Daɗin haka ya kama shi, har rera waƙa aka ji yana yi, abin da ya ba yaran gari tsoro.

Rufin ne ya ba wa ransa. Ya sayi gawar wani tsohon jirgi da shi da kansa ya ƙera shekara talatin baya, ya ɓamɓare katakan, ya jera su a kan azara, ya cusa auduga a kowace tsaga da kurfi da guduma, ya bi da man kifi har sau uku. Ya tayar da baki kewaye da rufin, ya sa indararo biyu. Bayan wata goma sha huɗu da fara aiki, gida ya tsaya da ƙyaurensa da daɓensa. Mata suka fara tambayar Mahganj ranar tarewa.

Washdil ya sa kwaɗo ya kulle, ya jefa mabuɗin a aljihu.

"Sai ruwa ya gwada rufin," ya ce.

"Wane ruwan?"

"Na sama mana."

To, a Sorgan ruwan sama baƙo ne da ba ya aiko da saƙo. Wata shekara ya zo sau biyu a lokacin sanyi, wata shekara ya manta da mu gaba ɗaya. Sanyin ya shigo, hadari ya taso daga teku sau uku, ya tsaya a kanmu kamar zai yi, ya wuce bayan dutse. Washdil ya yi ta ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙage. Sanyi ya fita, zafi ya shigo, gida na kulle.

Ni dai a ganina wannan ba ƙwarewa ba ce kuma, taurin kai ne tsagwaronsa, na kuma faɗa masa. Amma in za a yi masa adalci, tsoro ne ke cinsa. Bai taɓa sa ɗan wani a cikin abin da ba a gwada ba, balle matarsa. Abin da bai lura da shi ba shi ne yadda Mahganj ta fara laluben bakin kofi da yatsa kafin ta zuba shayi, da yadda take juya kai gaba ɗaya in za ta dubi wanda ke gefenta. Ita kuwa ba ta faɗa masa ba. Ta san in ta faɗa zai buɗe ƙofar don tausayi, ya kuma kwana yana kallon rufi har ƙarshen ransa.

Sai ta jira watannin da teku ke hauka, lokacin da ba jirgin da ke fita, maza na zaune a inuwa suna gyaran taru suna gulma. Wata Juma'a ta aika aka kira mata Pindok, suka yi magana a bayan bukka. Ana saukowa daga masallaci Washdil ya ga mazan gari kusan sittin sun yi layi tun daga bakin ruwa har gindin tudunsa, kowa da bokiti ko jarka, kamar ranar da ake tura sabon jirgi, sai dai yau sun juya wa teku baya.

"Wannan kuma wane irin iskanci ne?" ya ce.

"Jirginka ya ƙi zuwa teku," in ji Pindok, "shi ne muka ce bari mu kawo masa ita har gida."

"Ruwan gishiri? A kan rufina?"

"Kai, Usta, ji tsoron Allah. Shekara arba'in ruwan gishiri ke yi maka alƙalanci, yau ne ka raina shi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Washdil ya ga maganar ta zauna. Ya ce to, amma da sharaɗi: ba kowa a ciki. Ya sa hannu a aljihu, babu mabuɗi. Ya haura tudu da sauri, ya tarar da ƙyaure a buɗe, Mahganj ta shimfiɗa tabarma a gindin taga ta miƙe ƙafa.

"Uwar Sammi, fito."

"Ba inda za ni."

"Ba a shiga sai an gwada, kin sani."

"In ya nitse, ina zai kai ni? A kan tudu muke, tsoho. Hau ka yi aikinka."

Ya hau tsani yana mita. Ya toshe indararon biyu da tsummoki, bokitai suka fara isowa hannu zuwa hannu, ana ihu ana tsokanar wanda ya zubar. Yana karɓa yana juyewa, har ruwa ya kai masa idon sawu. Ya ce a tsaya. Ya tsuguna a bakin rufin ya hana kowa magana, aka zauna ana jira har inuwar dutse ta iso gidan.

"Uwar Sammi!" ya ƙwala kira. "Yaya?"

"Ko ɗigo!" ta amsa daga ciki.

Ya sauko, ya zaro busasshen tsummansa, ya shiga shi kaɗai. Abin da ya fara gani shi ne ta tashi daga gindin taga, ta koma can kusurwa ta zauna a takure. Ya ɗaga kai. Daidai kanta wata tsaga na tara ruwa, ɗigo ya faɗo a kafaɗarta, mayafin ya shanye. Ta ji shi tun farko, ta je ta zauna a ƙarƙashinsa don kada ya taɓa ƙasa. Har zai yi dariya, sai idonsa ya sauka a tsakiyar ɗaki. Taku biyu a gabanta, a cikin hasken tagar, daɓen ya jiƙe da faɗin faranti, wani ɗigon na sauka a kai a hankali. Wannan ba ta ɓoye shi ba, don ba ta gan shi ba. Tana fuskantar wurin, tana murmushin wadda ta yi dabara ta ci.

Nan ne ya san abin da watanni takwas na jiransa suka cinye mata. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

"Na ji ka yi shiru," ta ce. "Ka ga wani abu ne?"

"Ban ga komai ba."

Ya fita ƙofa, ya ɗaga tsumman sama yadda na bakin ruwa ma za su gani a bushe yake, ya ce a kwaso kaya. Pindok ya dube shi, ya dubi tsumman da ko ninkinsa ba a warware ba, ya juya ya daka wa samari tsawa su yi sauri. Akwatin shinkafa ne ya fara isowa, Washdil ya karɓe shi da kansa ya dire a tsakiyar ɗaki, daidai kan wurin da ya jiƙe, ya ce nan ne wurinsa, kada wanda ya taɓa. Aka zare tsummokin indararo, ruwa ya kwararo, yara suka shiga ƙarƙashi suna tsalle.

Mahganj ta tashi tana bin bango da tafin hannu. Ashe tun kafin ya kulle gidan ya shafe cikin da ragowar fentin jirage, bai gaya mata ba. Ta matsa fuskarta dab da bangon, ta ja baya, ta juya kai a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta daɗe tana yi.

"Baban Sammi," ta ce, "shuɗin nan ya yi yawa. Kamar a cikin bokiti nake."

"Kina ganinsa?"

"Makaho ma ai sai ya gan shi. Wa ya ce maka haka ake fentin ɗaki?"

Shekara arba'in ba wanda ya kushe aikin Usta Washdil ya kwana lafiya. Ranar sai ya zauna a kan akwatin shinkafa, ya goge ido da tsumman nan, ya ce ta ci gaba, ta faɗa masa duk sauran abin da ta gani bai yi mata ba.