Ƙarshen da suka gyara

Ni ban yi boko ba. Jikata ce take karanta mini littafin Turanci tana juya shi da Hausa, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida a Burumburum.

Wata rana ta zo da tatsuniyar mutanen Girka, ta wani makaɗi da matarsa ta mutu, ya bi ta har ƙasar matattu. Aka ba shi ita, da sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fito. Na ajiye gyaɗar, na gyara zama, don ni ma ina da wadda ta tafi. Uwar yarinyar nan ce, 'yata ta fari. Ko ranar da aka kai ta ban yi kuka gaban mutane ba, saboda kunyar 'yar fari.

Makaɗi ya waiwaya. Sai sarkin wurin ya yi dariya, ya ce ya yafe, makaɗi da matarsa suka koma gida suna tsokanar juna.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Kaka, a tsohon labarin ta tafi ke nan. Wannan na matasa ne, sun gyara."

"Mutuwar suka gyara? Ke, sun dai raina ku."

Na ce ta rufe littafin, ta ba ni tsohon yadda yake. Ta ba ni da ka. Da matar ta koma cikin duhu, sai kuka ya ƙwace mini. Ba mai ganin laifin tsohuwa don ta yi wa tatsuniya kuka. Yarinyar dai ta san wadda nake yi wa, ta matso ta taya ni.